Iska ta ɗauke kwano, masu gyara sun ɗauke hanyar gurgu

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Tun da hadari ya fara haɗuwa ta gabas a 'yan kwanakin nan, kowa a Yauri ya koma duba kwanon ɗakinsa yana ɗora bulo a kai. Ni kuwa duk lokacin da na ji ƙugin iskar farkon damina sai na tuna wata tafiya da muka yi da Yayana, wadda har yau ban gama hucewa ba.

Waɗanda suka san gidanmu sun san Yaya. Shan inna ta kama shi yana ɗan shekara uku, bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba tun daga nan. Shi da kansa gurgu yake kiran kansa, ya ce wannan doguwar kalmar ta "masu buƙata ta musamman" ta 'yan taro ce, don haka kada wani ya zo yana yi mini gyara a ƙasa. Sana'arsa gyaran injin jirgin ruwa, kuma masu jirage daga Wara har tsibiran cikin tafki suna kawo masa aiki. Da kuɗin wannan sana'ar ya yi aure, da shi yake biyan kuɗin makarantar yara huɗu, da shi kuma ya saya mana tikitin jirgin sama mu biyu zuwa Legas don ya je ya zaɓo kayan gyara da idonsa, tun da 'yan aike sun sha haɗa shi da jabu.

Ba zan faɗi sunan filin jirgin da muka tashi ba, ba zan faɗi kamfanin ba. Abin da zan ce kawai, ba a jiharmu yake ba. Kafin mu je da 'yan makonni, guguwa ta yaye wani sashe na rufin ginin fasinjoji, ruwa ya shiga ya ɓata silin da wayoyin wuta. Wannan ikon Allah ne, ba wanda zai ga laifin kowa. An kawo ɗan kwangila ya fara aiki, wannan ma abin yabo ne. Sai dai sun kewaye babbar ƙofa da langa-langa, kuma a jikin babbar ƙofar nan ne kaɗai ake da gangara, wato hanyar simintin nan mai kwantawa da ake yi a gefen matakala domin keke. Aka maƙala takarda da kibiya, kowa ya bi ta ƙofar gefe. Ƙofar gefe kuwa sai ka ratsa tsakuwa da ɗan ɗan kwangila ya zube, ka tsallake wata lambatu, sannan ka hau matakala biyar.

Na tura keken har ƙafafun gaba suka nutse a tsakuwa. Na ja da baya, na sake gwadawa, ya ƙi. Mutane suna wuce mu da akwatunansu, wasu suna cewa sannu, wasu suna kawar da kai. Wani ma'aikaci, Allah ya saka masa, ya zo da niyyar alheri ya ce, "Malam, ai sai dai a ɗauke shi." Ya kira wasu matasa biyu masu dakon kaya. Ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama ƙafafu, ni na ɗauki keken. Hular Yaya ta faɗi a lambatu. Da muka shiga ciki ya nemi banɗaki, aka ce wanda keke ke iya shiga yana ɓangaren da aka rufe, sai dai wani na katako da aka kafa a waje, wanda ƙofarsa ko kafaɗar ƙato ba za ta shige ba sai ya karkace. Jirgi ya yi lattin awa uku. Yaya ya ƙi shan ko ruwa tun daga lokacin har muka sauka Legas, kun san dalili. A gindin jirgi kuma aka sake ɗaukarsa a hau da shi matakalar ƙarfe, fasinjoji suna leƙe ta taga.

Bai ce komai ba sai da jirgi ya daidaita a sama. Ya juyo ya ce mini, "Auta, kuɗin tikitina da na wancan mai kwat ɗin ɗaya ne ko?" Na ce ɗaya ne, Yaya. Ya ce, "To shi ya shigo a fasinja, ni na shigo a buhun albasa."

Abin da nake so mu tattauna ke nan. Ba iska ce ta yi wa Yaya wannan ba. Iska kwano ta ɗauka. Wanda ya tsaya da biro ya zana inda za a kafa langa-langa, ya zaɓi ƙofar da za a buɗe, ya yi odar banɗakin katako, shi ne ya rufe masa hanya, kuma na tabbata ko kusa ba da mugunta ya yi ba. Kawai da yake lissafin fasinja, mai ƙafa biyu da ido biyu da kunne biyu ne ya zo masa a rai. In ka tambaye shi zai ce maka ai na wucin gadi ne, a yi haƙuri, in an gama aiki komai zai dawo.

Wannan "wucin gadi" ɗin ne nake jin tsoro. A ƙasar nan mun san tsawonsa. Fasinjojin da ke sauka a filin jirgin Fatakwal sun yi shekaru ana karɓarsu a cikin tanti da sunan ana gyara, har a 2015 wani zaɓen matafiya na intanet ya sa filin a matsayin mafi muni a duniya. A watan Maris na 2017 an rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran titin jirgi, aka mayar da kowa Kaduna, daga can a shiga mota ko jirgin ƙasa. Wancan an cika alkawari an buɗe a kan lokaci, amma ka tambayi kanka yadda mai keke ya yi da ƙarin hawa da sauka har sau nawa a tafiya ɗaya. Filin jirgin Inugu an rufe shi a watan Agusta na 2019, sai da shekara ta zagayo aka buɗe.

Kada ma ku ce halin Najeriya ne kawai. Akwai wani ƙaramin tsibiri a yankin Karibiyan, Sint Maarten, wanda rabinsa yake ƙarƙashin masarautar Holan. A watan Satumba na 2017 mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Irma ta ragargaza ginin filin jirginsu na Princess Juliana. Da farko a tanti suka riƙa sallamar fasinja, daga baya suka koma wani ɓangare na ƙasan ginin, kuma ba a kammala sake ginin ba sai a 2024. Shekara bakwai ke nan, a wurin da yake da tallafin Holan da Bankin Duniya a bayansa. Yaron da aka haifa ranar guguwar ya shiga firamare kafin a gama. To in masu kuɗi sun yi shekara bakwai a wucin gadi, mu nawa za mu yi? Mutumin da aka ce ya jira a gama gyara kafin ya samu ƙofar shiga, an ce masa ne ya soke asibitinsa, kasuwancinsa da aikin Hajjinsa har illa ma sha Allahu.

Na san abin da wasu za su rubuto. "Kai Bayauri, ina ruwanka da filin jirgi? Mu da ko hanyar Koko ba mu gama kuka da ita ba, mu nawa ne muka taɓa shiga jirgin sama?" Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba zan raina ta ba. Amma ku tuna da alhazai. Daga Yauri, Ngaski da Shanga duk shekara ana kwasar maniyyata a kai su filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi, wanda aka gina zamanin Gwamna Sa'idu Dakingari. A watan Mayu na 2024 daga nan ne ma jirgin farko na alhazan Najeriya gaba ɗaya ya tashi, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo ya yi musu ban kwana. Su wa ke cika jirgin alhazai? Dattawan da suka yi shekara talatin suna tara kuɗin shinkafa da albasa da kifi. Mai ciwon gwiwa, mai hawan jini da ya taɓa shanye masa ɓari ɗaya, tsohuwar da yanar ido ta rufe mata gani, tsohon da sai an yi masa ihu a kunne. Ba sa cikin ƙungiyar guragu ko ta makafi, amma matakala biyar da tsakuwa ba sa tambayar katin ƙungiya. Sannan ku duba kalanda: a 'yan shekarun nan jigilar alhazai tana faɗowa ne daidai lokacin da iskar farkon damina take yaye kwano a ƙasar Kebbi. Ba fata nake yi ba, Allah ya tsare. Amma mai hankali ba ya jiran sai rufi ya tashi kafin ya tambayi ta wace ƙofa zai shigar da tsohuwarsa.

Kuma ba roƙo muke yi ba, akwai doka. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2018. Dokar ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024. Ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama da ke aiki a Najeriya su tanadi keken guragu mai aiki, su taimaka wa mai naƙasa ya hau ya sauka cikin aminci. Ta sa tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum ɗaya kuwa naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida. Har jami'in da ya sa hannu a zanen ginin jama'a da bai tanadi hanyar naƙasassu ba, dokar ta tanadar masa hukunci. A dalilinta aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa a 2020. Babu inda dokar ta ce tana tafiya hutu idan ɗan kwangila ya kafa langa-langa.

Kuma mun ga cewa in an ga dama ana iya motsi da sauri. A watan Maris na 2024 wani gidan abinci na KFC da ke filin jirgin Murtala Muhammed a Legas ya hana Debola Daniel zama saboda yana kan keke. Ya rubuta abin a intanet, cikin kwana ɗaya ko biyu hukumar filayen jiragen sama ta FAAN ta rufe wurin. Na ji daɗin hakan ƙwarai. Amma ban manta ba cewa Debola ɗan tsohon gwamnan Ogun ne, Gbenga Daniel. Yayana ɗan mai saƙar taru ne. Ranar da aka ɗauke shi kamar kaya babu wanda ya ga an yi wani laifi, har godiya aka jira mu yi, kuma mun yi, don matasan nan biyu ba su da laifin komai.

A nan ne nake ganin mu Hausawa muke da wata 'yar matsala da tausayinmu. Muna da saurin cewa "a taimaka masa", kuma wannan hali ne mai kyau, Allah ya bar mu da shi. Amma ɗaukar babban mutum, magidanci mai iyali, a hammata da ƙafa a gaban jama'a ba taimako ba ne in da akwai yadda za a yi ya shiga da kansa. Ballantana mace. Ku yi tunanin Hajiya mai shekara sittin, maza biyu da ba muharramanta ba sun rungume ta suna hawa matakala da ita. Ga haɗari kuma: wanda bai iya ɗaukar mai lalurar laka ba yana iya ƙara masa rauni, in santsi ya kwashe ɗaya a matakalar ƙarfe bayan ruwan sama kuwa, mutum uku ne za su gangaro.

Abin haushin shi ne gyaran ba wani tsada gare shi ba. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce, duk tsayin taku ɗaya ana ba shi kwanciyar taku 12. Matakala uku masu santimita 15 kowace, tsayinsu santimita 45 ke nan, gangarar da za ta hau su tana buƙatar kusan mita biyar da rabi. Katako mai kauri, ƙusa, ƙarfen riƙewa a gefe, kafinta ɗaya, yini ɗaya. A kan tsakuwa a shimfiɗa faranti ko a zuba siminti siriri mai faɗin da keke zai wuce. Cikin banɗakunan wucin gadi a sa ɗaya mai faɗin ƙofa kusan santimita 90, babu tudu a bakinsa. Don hawa jirgi akwai mota ta musamman mai ɗaki a bayanta da ke ɗagawa har ƙofar jirgi. Ita kam tana da tsada, amma in ana maganar kwangilar biliyoyi kuɗinta ba ya ko motsa lissafi. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kusan naira biliyan 712 don sake gina tsohon ginin filin jirgin Legas. A cikin irin wannan kuɗi a ce ba a samu na katakon gangara ba, ai sai dai ba a so ba.

Kuma kada hankalinmu ya tsaya a kan keke kaɗai. Makahon da ya saba da wuri, da ƙirga taku da jin bango yake tafiya. Ranar da aka canja hanya aka maƙala takarda da kibiya, an shafe masa taswirar da ke kansa, ga ramuka da rodi a tsaye inda da babu. Shi mutum yake buƙata a bakin ƙofa wanda aikinsa ke nan. Kurma kuma akasin haka: in ruwa ya kashe allunan da ke nuna lokacin tashi aka koma sanarwa da lasifika ko wani ya tsaya yana ihu, jirginsa zai tashi yana zaune yana kallon mutane suna miƙewa bai san dalili ba. Farin allo da alƙalami sun ishe shi.

Mu mutanen bakin tafki ya kamata mu fi kowa gane wannan magana, don mun taɓa ganin sake gini da idonmu. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa da tsibirai, aka tashi mutum kusan 44,000 aka gina musu sababbin matsugunai. Dattawan Gungawa har yau suna ba da labarin gidajen da aka zana musu daga nesa, da yadda wasu suka ƙare da gina ɗakunansu na laka a gefe don wanda aka ba su bai dace da zamansu ba. Wanda ya zana yana da ilimi, amma ba shi zai kwana a ciki ba. Haka yake ga duk injiniyan da zai zana hanyar keke bai taɓa zama a keke ba. Na sha ganin gangarar da aka yi don a ce an yi, mai tsayin da ko ɗan dako da amalanke sai ya yi addu'a kafin ya hau, ko wadda ta ƙare a jikin ƙofar da kullum take kulle.

In ma kun duba, tashoshin jiragen ruwanmu su ne filin jirgin talaka, kuma su kullum a wucin gadi suke. Ruwan tafki yana hawa yana sauka, na damina ya zo, daga baya wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya iso da rani, mashiga tana matsawa gaba tana dawowa baya. Yaya yana gyara injin jiragen nan amma kafin ya shiga ɗaya sai an goya shi an ratsa taɓo. Bayan hatsarin jirgin Wara na watan Mayun 2021, da ya ci mutane masu yawa, an yi ta maganar rigar ruwa da hana lodi fiye da kima, kuma daidai ne. Amma in ba mu iya tilasta wa filin jirgin sama mai injiniyoyi da kasafin kuɗi da doka a kansa ya ajiye katako biyu ba, da wane baki za mu nemi a yi wa mashigar Yauri ko ta Wara?

Don haka ga abin da nake nema, kuma ina so waɗanda suke kusa da masu wakiltar Ngaski, Shanga da Yauri a majalisar tarayya da ta jiha su isar musu. Duk kwangilar gyaran filin jirgi, ko tashar mota, ko asibiti bayan ɓarnar iska ko ambaliya, a rubuta hanyar wucin gadi ta naƙasassu a cikin takardar ƙiyasin aiki da kuɗinta, kamar yadda ake rubuta siminti da kwano, don ɗan kwangila abin da aka rubuta za a biya shi kawai yake yi. Kada a kafa langa-langa sai an kira mai keke da makaho da kurma na garin sun bi sabuwar hanyar tun daga inda mota ke tsayawa har gindin jirgi, sun ce ta yi. A biya su kuɗin wannan aikin, ba a ba su lemo da hoto ba. Sannan tun da an riga an fasa bango, a mayar da shi yadda ya fi na da. Faɗaɗa ƙofa a lokacin da magini yake tsaye da cebur kusan kyauta ne, bayan an yi fenti an yanke kyalle kuwa sai an sake wata kwangilar, kuma kun san ba za a sake ba. Hukumar jin daɗin alhazai ita ma tana da damar tambaya tun kafin jigila: in babbar ƙofa ta samu matsala, ta ina masu keke za su bi, kuma kekuna nawa ne masu lafiya a ajiye?

Ku kuma da za ku raka iyaye filin jirgi bana, ku buɗe ido. Ku duba ko gangarar tana kaiwa ga ƙofar da take buɗe, ku leƙa banɗaki, ku lura da yadda ake shigar da wanda ba ya iya hawa matakala. In kun ga abin kirki ku ɗauki hoto ku yaba da sunan wurin, in kun ga akasin haka ku rubuta wa hukumar wurin cikin ladabi ku ajiye kwafi. Ku turo mini nan ma, zan tattara.

Da muka dawo daga Legas, abin farko da Yaya ya yi shi ne ya kira kafinta. Shagonsa yana da tudu ɗaya a bakin ƙofa wanda shekara da shekaru yaran shago ke ɗaga masa keke a kai. Ya auna da kansa, ya sa aka yi gangarar katako, ya biya kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Yanzu masu kawo injin a amalanke sun fi shi amfani da ita. Jiya na tambaye shi ko zai sake shiga jirgi. Ya ce ya riga ya fara zubin kujerar Makka, kuma wannan karon da tef ɗin awonsa zai tafi a aljihu.